Morishus: Me Ya Sa Tsibirin Otal da Bankuna Ya Fara Tsuke Bakin Aljihu?

A watan Yunin 2025 gwamnatin Morishus ta gabatar da kasafin kuɗin da ya ƙunshi matakai biyu waɗanda suka ɗaure wa mutane da dama kai, a cikin ƙasar da wajenta. Na farko shi ne ɗaga shekarun fara karɓar fanshon tsufa daga 60 zuwa 65, sannu a hankali cikin 'yan shekaru. Na biyu shi ne tabbatar da cewa manyan kamfanonin duniya masu rassa a tsibirin za su riƙa biyan harajin da bai gaza kashi 15 cikin ɗari na ribarsu ba. Ƙungiyoyin ƙwadago sun fito titunan Port Louis, babban birnin ƙasar, suna adawa da mataki na farko, su kuma lauyoyi da akantocin da ke kula da kamfanonin waje suka duƙufa lissafin abin da na biyu zai jawo wa sana'arsu.

Abin da ya sa lamarin ya zo wa mutane a ba-zata shi ne, Morishus ƙasa ce da aka saba buga misali da ita a Afirka. Karatu kyauta ne, asibitin gwamnati kyauta ne, kowane tsoho yana da fansho, ana sauya gwamnati ta akwatin zaɓe, kuma a watan Yulin 2020 Bankin Duniya ya sanya ta a sahun ƙasashe masu arziki. To, me ya kai irin wannan ƙasa ga taɓa kuɗin tsofaffi? Amsar tana cikin yanayin sana'o'i biyun da ƙasar ta fi dogara da su, wato yawon buɗe ido da hada-hadar kuɗin waje, domin dukkansu a wasu ƙasashe ake yanke shawarar da ke raya su ko ta durƙusar da su.

Daga gonar rake zuwa masaƙa

Morishus tana cikin Tekun Indiya, gabas da Madagaska, kimanin kilomita 2,000 daga gaɓar kudu maso gabashin Afirka. Faɗin ƙasarta bai wuce murabba'in kilomita 2,040 ba, mutanenta kuma ba su kai miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ba. Ba ta da man fetur, ba ta da wani ma'adini na a-zo-a-gani. Tsibirin ba shi da mazauna kafin zuwan Turawa. 'Yan Holan ne suka fara zama, Faransawa suka karɓe shi a 1715 suka kawo bayi daga Afirka da Madagaska, Birtaniya ta ƙwace shi a 1810, bayan haramta bauta a 1835 kuma aka riƙa kwaso 'yan ƙwadago daga Indiya domin noman rake. Jikokin waɗannan 'yan ƙwadago su ne mafi rinjaye a yau, mabiya addinin Hindu da Musulmi, kuma wannan dangantaka da Indiya za ta yi wa ƙasar rana daga baya.

Lokacin da ƙasar ta sami 'yancin kai a ranar 12 ga Maris, 1968, sikari ne fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da take fitarwa. Masanin tattalin arzikin nan na Ingila, James Meade, wanda daga baya ya sami lambar Nobel, ya riga ya yi nazarin tsibirin a 1961, ya nuna fargabar cewa yawan haihuwa da dogaro da amfanin gona guda za su jefa shi cikin fatara. Hasashen bai tabbata ba, kuma yadda aka kauce masa shi ne salon da ƙasar ta riƙa maimaitawa har yau.

A ƙarƙashin yarjejeniyar Lome ta 1975, Turai ta ɗauki alkawarin sayen kimanin tan 500,000 na sikarin Morishus duk shekara a farashin da sau da yawa ya ɗara na kasuwar duniya nesa ba kusa ba. Gwamnati ta riƙa karɓar haraji a kan sikarin da ake fitarwa tana zubawa a makarantu da asibitoci, masu gonakin rake kuma suka sa ribarsu a otal-otal da masaƙu. Dokar yankin masana'antu na fitar da kaya ta 1970 ta jawo masu jari daga Hong Kong, waɗanda suke neman inda za su ɗinka tufafi su shigar Turai da Amurka ba tare da an ƙayyade musu adadi ba. Hanyar ba ta kasance a miƙe ba, domin an karya darajar rupi, kuɗin ƙasar, a 1979 da 1981 a ƙarƙashin shirin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, amma kafin ƙarshen shekarun 1980 rashin aikin yi ya ragu ƙwarai.

Gatan sikari da na tufafi duk an janye su. Tsarin ƙayyade cinikin tufafi na duniya ya ƙare a farkon 2005, kayan Sin da Bangladesh suka mamaye kasuwa. Tarayyar Turai ta zabtare kashi 36 cikin ɗari na farashin sikari tsakanin 2006 da 2009. Abin da ya hana ƙasar durƙushewa a lokacin shi ne ta riga ta raini wasu sana'o'i biyu da suka ɗauki nauyin.

Sana'ar karɓar baƙi

Tun farko Morishus ta zaɓi masu kuɗi a kan yawan jama'a. Tafiya daga Paris zuwa tsibirin tana cin kimanin awa goma sha ɗaya a jirgin sama, saboda haka wanda zai zo ya riga ya shirya kashe kuɗi. Gwamnati ta daɗe tana taƙaita jiragen haya masu araha, tana ba manyan otal hayar filayen bakin teku. Wani abin da ya bambanta ta da tsibirai da yawa shi ne, manyan kamfanonin otal irin su Beachcomber da Sun da Constance na 'yan ƙasa ne, don haka kaso mai tsoka na ribar yana zama a gida, ko da yake a hannun iyalai ƙalilan waɗanda akasarinsu tun zamanin rake suke riƙe da filaye.

A 2019 baƙi kimanin miliyan 1.38 suka ziyarci ƙasar, adadin da ya haura yawan mazaunanta, suka kashe kusan rupi biliyan 63. Mafi yawansu daga Faransa da Birtaniya da Jamus da Afirka ta Kudu da tsibirin Riyuniyon suke zuwa. Muhimmancin wannan kuɗi ya wuce albashin kuku da mai gyaran ɗaki da direban tasi. Ƙasar tana sayo kusan kashi uku bisa huɗu na abincinta daga waje, har da shinkafa da alkamar da ake ci kullum, tana kuma sayo mai da magani da injuna. Kuɗin Turai da dalar da baƙo ya bari a otal su ne ake biyan wani ɓangare na waɗannan kaya da su. Duk ranar da jirage suka daina sauka, ba a daɗewa farashin burodi yake nunawa.

Ma'anar cibiyar hada-hadar kuɗin waje

Wannan ɓangare ne ya fi rikitar da mutane, don haka yana da kyau a warware kalmominsa. Kamfanin kasuwancin waje shi ne wanda aka yi wa rajista a Morishus amma harkokinsa suna wata ƙasa, misali ya mallaki hannun jari a kamfanin siminti a Indiya ko na sadarwa a Afirka. Irin waɗannan kamfanoni dubbai ne, kuma da yawansu ba su da ma'aikata na kansu. Wasu kamfanonin gudanarwa da ke unguwar Ebene da Port Louis ne suke riƙe musu takardu, su samar musu da daraktoci mazauna ƙasar, su shirya musu lissafin shekara, a biya su la'ada. Yarjejeniyar kauce wa biyan haraji sau biyu kuwa ita ce wadda ƙasashe biyu suke ƙullawa su raba wa kansu ikon karɓar haraji, domin kada ɗan kasuwa ya biya a nan ya sake biya a can a kan riba ɗaya.

Morishus ta ƙulla irin wannan yarjejeniya da Indiya a 1982. Shekaru suka wuce ba ta da wani tasiri, sai da Indiya ta buɗe ƙofofin tattalin arzikinta a 1991, Morishus kuma ta kafa dokar kasuwancin waje a 1992. A nan ne aka gane darajar wani sashe na yarjejeniyar, wanda ya ce ribar sayar da hannun jari ƙasar da mai sayarwar yake zaune ce kaɗai za ta karɓi harajinta. Morishus kuwa ba ta karɓar haraji a kan irin wannan riba. A ɗauka wani asusun zuba jari na Amurka ya sayi hannun jari a wani kamfanin Indiya, bayan shekara biyar ya sayar ya ninka kuɗinsa. Idan kai tsaye ya saya, Indiya za ta yanki rabonta daga ribar. Idan kuma ya fara buɗe kamfani a Port Louis, wannan kamfani ya yi sayen, to Indiya ba ta da iko, Morishus kuma ba ta karɓa, ribar ta fita cif ba a taɓa ta ba. Kotun Ƙolin Indiya ta halatta wannan tsari a 2003. Sakamakon haka, daga 2000 zuwa 2016 kusan kashi ɗaya bisa uku na jarin waje da ya shiga Indiya ta wannan ɗan tsibiri ya bi.

Ga sauran nau'o'in riba, harajin kamfanoni a takarda kashi 15 ne, amma akwai rangwamen da yake sauke shi zuwa kashi 3 kacal ga kamfanonin waje. Da wannan, da kotuna masu bin tsarin shari'ar Ingila da ta Faransa, da ma'aikata masu jin harsunan biyu, da rashin takunkumi a kan fitar da kuɗi, fannin kuɗi ya kai fiye da kashi ɗaya bisa goma na dukkan abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Mutanen da yake ɗauka aiki ba su kai na otal yawa ba, amma albashinsu ya fi tsoka, harajin da gwamnati ke samu daga gare shi babba ne, kuma dalolin da kamfanonin ke ajiyewa a bankunan ƙasar suna taimakawa wajen cike giɓin cinikin waje.

Dillali ne ko maɓoyar masu gudun haraji?

Masu suka, musamman ƙungiyoyin fafutukar adalcin haraji irin su Tax Justice Network Africa da Oxfam, suna cewa abin da Morishus ke samu kaɗan ne a kan abin da take jawo wa ƙasashen da suka fi ta talauci asara. Hujjarsu ita ce ma'adinai da kwastomomi da ma'aikata suna Senegal ko Zambiya, amma ribar sai ta bayyana a wani ofishi a Ebene. A watan Yulin 2019 gamayyar 'yan jarida masu bincike ta ICIJ ta wallafa bayanai daga takardu kimanin 200,000 na wani ofishin lauyoyi, waɗanda suka nuna yadda ake tsara irin wannan hanya. A Maris na shekarar, wata babbar kotu a Kenya ta soke yarjejeniyar ƙasar da Morishus saboda ba a bi ƙa'idar gabatar da ita ga majalisa ba. Senegal ta fice daga tata yarjejeniyar, tana cewa ta yi asarar dala miliyan 257 cikin shekara 17, Zambiya ma ta bi sahu a 2020.

Gwamnatin Morishus da masu wannan sana'a suna da nasu bayanin, kuma ba a rasa gaskiya a cikinsa ba. Suna cewa mai jarin da zai zuba kuɗi a ƙasashen Afirka goma yana buƙatar wuri guda da zai tara kuɗin masu ruwa da tsaki, inda kotu ba ta jan shari'a shekara goma, inda zai iya fitar da dalarsa ranar da ya so. Suna nuni da cewa har hukumomin raya ƙasa na Turai da Amurka suna sa kuɗi a asusun da aka yi wa rajista a tsibirin. Suna kuma cewa idan aka rufe Port Louis kuɗin ba zai koma Dakar ko Lusaka ba, Dubai ko Luksambag ko Singafo zai nufa.

Idan aka auna, akwai jarin da tsoro da neman kariyar doka ne suka kai shi tsibirin, akwai kuma wanda haraji kawai ya kai shi, kuma sau da yawa dalilan biyu suna cikin kamfani ɗaya. Abin da bincike ya daɗe yana nunawa shi ne, ƙasa mai karɓar jari ita ce ke sarayar da ikonta a irin waɗannan yarjejeniyoyi, kuma ba kullum jarin da aka yi mata alkawari yake ƙaruwa daidai da abin da ta sarayar ba. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: ministocin waɗannan ƙasashe ne suka sa hannu, wasu ba tare da an yi lissafin abin da baitulmali zai rasa ba.

Ƙofofin da aka fara rufewa

Indiya ce ta fara. A watan Mayun 2016 aka yi wa yarjejeniyar kwaskwarima, ta yadda duk hannun jarin da aka saya daga 1 ga Afrilun 2017 Indiya za ta karɓi harajin ribarsa. Ba a jima ba Singafo ta sha gaban Morishus a jerin ƙasashen da jari ke fitowa zuwa Indiya duk shekara. A Maris 2024 ƙasashen biyu suka sa hannu a kan wani ƙarin sharaɗi, wanda zai ba da damar hana kamfani moriyar yarjejeniyar idan aka gano cewa rage haraji na cikin manyan dalilan kafa shi. Saboda matsin lambar Turai da ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu ci gaban tattalin arziki, daga 2019 an sauya tsarin rangwamen kashi 3, aka ce sai kamfani ya nuna yana da ma'aikata da kashe kuɗi na gaske a tsibirin kafin ya more shi.

A Fabrairun 2020 hukumar FATF, mai sa ido kan halatta kuɗin haram da ɗaukar nauyin ta'addanci, ta sanya Morishus a jerin ƙasashen da ake sa wa ido, Tarayyar Turai kuma ta bi baya da nata jerin. Ga cibiyar da amana ce jarinta, wannan babban lahani ne, domin bankunan waje sukan ƙara bincike da jinkiri a kan duk kuɗin da ya fito daga irin wannan ƙasa. Gwamnati ta yi gyare-gyare cikin hanzari, aka cire ta a Oktoban 2021, Turai ma ta cire ta a farkon 2022.

Harajin kashi 15 na kasafin 2025 ci gaban wannan labari ne. A Oktoban 2021 ƙasashe fiye da 130 suka amince cewa rukunin kamfanonin da cinikinsa ya kai yuro miliyan 750 a shekara ba zai biya ƙasa da kashi 15 a ko'ina ba. Idan wata ƙasa ta karɓi kashi 3, ƙasar da uwar kamfanin take za ta iya karɓar ragowar kashi 12. Da wannan ƙa'ida, rangwamen Morishus ya daina amfanar manyan kamfanoni, ya koma kyauta ga baitulmalin wasu ƙasashe, don haka gwamnati ta ga gara ta karɓi kuɗin da kanta. Ƙananan kamfanoni da yawancin asusun zuba jari ba su shiga ciki ba, shi ya sa ba a sa ran sana'ar ta mutu. Abin da ya ragu shi ne ikon jawo kwastoma da arhar haraji kaɗai, a daidai lokacin da Dubai da Kigali da sabuwar cibiyar kuɗi ta jihar Gujarat suke zawarcin kwastomomin.

Shekarar 2020 da bashin da ta bari

An rufe iyakokin ƙasar a Maris 2020 saboda annobar korona, ba a buɗe su gaba ɗaya ba sai 1 ga Oktoban 2021. Baƙi suka ragu zuwa kimanin 309,000 a 2020, suka sake faɗowa zuwa kimanin 180,000 a 2021. Tattalin arzikin ya tsuke da kusan kashi 15 cikin ɗari a shekara guda. Kamfanin jiragen sama na ƙasa, Air Mauritius, ya shiga hannun masu ceto a Afrilun 2020. Matsayin ƙasa mai arziki da Bankin Duniya ya ba ta bai wuce shekara ɗaya ba aka janye shi.

Ana cikin haka, a ranar 25 ga Yulin 2020, jirgin dakon kaya na Wakashio, mallakar wani kamfanin Japan, ya hau kan murjani a kudu maso gabashin tsibirin, kusa da Pointe d'Esny. Bayan kusan mako biyu ya fara yoyo, mai kimanin tan 1,000 ya malala cikin ruwan da masunta da masu kwale-kwalen yawo da baƙi suke cin abinci da shi. Mutanen gari suka taru a bakin ruwa suna cusa busasshen ganyen rake a cikin dogayen buhuna, suna ɗinkewa, suna ɗaura musu robobin ruwa don su yi iyo su tare man, masu aski kuma suna tara gashi domin yana shan mai. A ƙarshen Agusta dubun-dubatar mutane suka yi zanga-zanga a Port Louis kan jinkirin da hukumomi suka yi.

Don kada otal-otal su rufe, ma'aikata su rasa albashi, Babban Bankin ƙasar ya miƙa wa gwamnati rupi biliyan 60, ya kuma kafa wani kamfanin zuba jari da rupi biliyan 80 domin tallafa wa manyan kamfanoni. Masu kare matakin suna cewa ya hana korar ma'aikata da karyewar bankuna, kuma gaskiya ne ba a ga irin wannan rugujewar ba. IMF da masu suka a gida suna cewa ya raunana Babban Bankin ya kuma ƙara wa rupi rauni. Dala ɗaya da ake saya kimanin rupi 36 a ƙarshen 2019 ta haura rupi 45 a 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 10.8 a 2022. Kamfanin Moody's ya rage darajar ƙasar wajen biyan bashi har zuwa matakin ƙarshe na sahun da masu jari ke ɗauka amintacce.

Baƙi sun dawo, domin a 2024 adadinsu ya koma kusan na 2019. Bashin ne bai tafi ba. A zaɓen 10 ga Nuwamban 2024 ƙawancen Navin Ramgoolam ya lashe kujeru 60 cikin 62 da aka fafata a kansu, ya kawar da gwamnatin Pravind Jugnauth. Bayan wata guda sabuwar gwamnati ta fitar da rahoton da ya zargi wadda ta gabace ta da ƙawata alƙaluma, ya kuma nuna bashin ƙasa ya haura kashi 80 cikin ɗari na abin da take samarwa a shekara. A farkon 2025 Moody's ya yi gargaɗin cewa zai iya sake rage darajar. Ga ƙasar da bankunanta ke riƙe da ajiyar baƙi, faɗawa ƙasa da wannan mataki yana iya sa masu ajiyar su fara tattara kuɗinsu, kuma wannan fargaba tana cikin abin da ya tsara kasafin watan Yuni.

Fansho da abin da zai shafi talaka

Fanshon tsufa a Morishus ba sai mutum ya taɓa yin aikin albashi ko ya tara wani abu ba. Tun 1958 ake biyan kowa idan ya kai shekarun. Ya kuma zama babban makamin yaƙin neman zaɓe: an ɗaga shi zuwa rupi 5,000 a wata bayan zaɓen 2014, zuwa 9,000 bayan na 2019, zuwa 13,500 a 2024. A gefe guda haihuwa ta ragu har mace ɗaya ba ta kai 'ya'ya biyu a matsakaicin lissafi, mutane suna ƙara tsawon rai, matasa masu ilmi kuma suna ficewa zuwa Kanada da Ostireliya da Turai. Masu karɓa suna ƙaruwa, masu biyan haraji ba sa ƙaruwa. Hujjar gwamnati ke nan.

Ƙungiyoyin ƙwadago suna cewa ba a ambaci matakin a lokacin yaƙin neman zaɓe ba, ba a kuma shawarce su ba, sannan nauyinsa ya fi faɗawa a kan waɗanda jikinsu ne jarinsu. Akanta a Ebene zai iya zama a ofis har shekara 65. Mai yankan rake, da birkila, da matar da ta shafe shekara talatin tana gyaran gadaje a otal ko tana tsaye a gaban keken ɗinki, ba lallai jikinsu ya kai su ba. Bayan zanga-zangar, gwamnati ta sanar da tallafin wata-wata ga masu ƙaramin ƙarfi da suka cika 60 amma ba su kai sabbin shekarun ba, sai dai bai kai fanshon yawa ba, kuma sai an tantance kuɗin shigar mutum. Wannan sauyi ne babba a ƙasar da ta saba da cewa haƙƙin na kowa ne.

Akwai kuma batun gida da fili. Tun 2002 aka ba baƙi damar sayen manyan gidaje a wasu keɓaɓɓun unguwanni, kuma wanda ya sayi na dala 375,000 zuwa sama yana samun izinin zama. Gine-gine sun zama inda mafi yawan jarin waje da ke tsayawa a ƙasar yake zuwa. Kuɗin waje yana shigowa, birkiloli suna samun aiki, amma gonakin rake suna komawa filayen wasan golf, farashin fili yana fin ƙarfin matashin da ke son yin aure ya gina nasa, kuma ƙungiyoyi irin su Aret Kokin Nu Laplaz suna fafutukar kada otal-otal su cinye sauran bakin tekun da jama'a ke zuwa hutu ranar Lahadi. Masaƙu da wuraren gini da wasu otal yanzu sun dogara da dubban ma'aikata daga Bangladesh da Indiya da Madagaska da Nefal. Tekun ma yana cin gaɓa, murjani yana mutuwa saboda ɗumamar ruwa, guguwar Belal kuma ta cika titunan Port Louis da ruwa a Janairun 2024. Kuɗin kare gaɓar daga wannan kasafi ɗaya zai fito.

Inda lamarin ya taɓo Najeriya, da batun Chagos

Mai karanta rahotannin Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya kan shigowar jari zai riƙa ganin Morishus a sahun gaba, wani lokaci kusa da Birtaniya da Holan. Yawancin kuɗin nan ba na mutanen tsibirin ba ne, ratsawa yake yi. Kamfanin MTN na Najeriya, misali, mafi yawan hannun jarinsa yana hannun wani reshen uwar kamfanin ta Afirka ta Kudu da aka yi wa rajista a Morishus. Najeriya ta sa hannu a kan yarjejeniyar haraji da tsibirin a 2012, amma shekaru suka shuɗe ba ta fara aiki ba, bayan ƙorafin masu cewa za ta rage wa ƙasar kuɗin shiga. Sabuwar dokar harajin Najeriya ta 2025 kuma ta tanadi karɓar haraji idan aka sayar da kamfanin waje wanda ainihin dukiyarsa tana Najeriya, irin matakin da ke rage amfanin bi ta tsibirin.

Gwamnatin Ramgoolam tana sa rai da wata sabuwar hanyar kuɗi. A ranar 22 ga Mayun 2025 ta sa hannu da Birtaniya a kan yarjejeniyar mayar mata da tsibiran Chagos, waɗanda aka ɓalle daga Morishus a 1965 kafin 'yancin kai, aka kuma kwashe mazaunansu domin gina sansanin sojan Amurka a Diego Garcia, mafi girma a cikin tsibiran. Bisa yarjejeniyar, Birtaniya za ta ci gaba da riƙe sansanin na shekara 99 tana biyan kimanin fam miliyan 101 a shekara a matsakaicin lissafi. Kuɗi ne mai yawa ga ƙasa mai mutane ƙasa da miliyan ɗaya da rabi, kuma gwamnati ta ce za ta yi amfani da na shekarun farko wajen rage bashi. Sai dai biyan ya rataya ne a kan amincewar majalisar dokokin Birtaniya da goyon bayan Amurka, yarjejeniyar tana da masu adawa a ƙasashen biyu, wasu daga cikin 'yan asalin Chagos kuma suna cewa an ƙulla ta ba tare da an ji ta bakinsu ba.